Ƙashin da ya tsage ba a faɗi ba: nazarin raunin wata 'yar rawa mai shekara 14

Yarinyar shekararta 14, ta shekara shida tana koyon rawar bale, wato rawar Turawa mai tsalle da tsayawa a kan yatsu, a wata makarantar rawa da ba zan ambaci sunanta ba. An kawo ta sashenmu na fisiyo, inda ake jinyar rauni ta hanyar motsa jiki, tana ɗingishi, da ciwo a saman ƙafar hagu da ya kai mako biyar. Ba ta faɗi ba, ba ta gurɗe ba, babu wanda ya taka ta. Abin da ya ruɗar da ita da mahaifiyarta da malamarta ke nan, domin a saninsu ƙashi ba ya karyewa sai da dalilin da kowa zai gani. Amma hoton MRI, na'urar da ke ganin cikin ƙashi da nama dalla-dalla, ya nuna tsaga a gindin ƙashi na biyu daga cikin dogayen ƙasusuwa biyar na tsakiyar ƙafa, ɓargon da ke kewaye da wurin kuma ya kumbura.

Lamarin ba baƙo ba ne ga masu duba 'yan rawa, shi ya sa ma na ga ya dace a bi shi daki-daki. Duk bayanin da ake buƙata don a hango wannan tsaga tun kafin ta auku yana hannun wani. Malama ta san jadawali. Uwa ta san yadda cin abincin 'yarta ya canja. Yarinya ta san sauran. Kowa ya riƙe nasa, har ƙafa ta ƙi takuwa.

Daga awa 6 zuwa sama da awa 20

Wata uku kafin zuwanta, jadawalinta mai sauƙi ne: aji huɗu a mako, kowanne awa ɗaya da rabi, awa 6 ke nan. A biyu daga cikinsu takan sa takalmin tsini, wannan mai taurin baki da 'yan bale ke tsayawa da shi a kan yatsu, na kamar minti 20 a ƙarshen aji. Tana da shekara 13 ta fara sa shi, bayan shekara biyar na koyo. Ƙungiyar Likitanci da Kimiyyar Rawa ta Duniya, wadda aka kafa a 1990, tana ba da shawarar kada a sa wa yarinya wannan takalmi kafin shekara 12, kuma sai ta shiga shekara ta huɗu a koyo. Ta wannan fuska makarantar ba ta yi gaggawa ba. Na faɗi haka ne saboda takalmin shi aka fara ɗora wa laifi a gida, alhali nasa kason kaɗan ne.

Sai aka shirya wasan ƙarshen shekara, aka ba ta babban matsayi, na farko a rayuwarta. Atisaye ya koma kwana 6 a mako, awa 15 gaba ɗaya, kuma a mako guda aka yi wannan canji. Rawar da aka tsara mata cike take da tsalle, kusan kowane babban tsalle kuma a ƙafar hagu take dira. Ɗakin makarantar ya yi wa 'yan wasan kaɗan, aka aro wani zaure mai faɗi, daɓensa siminti, aka shimfiɗa ledar rawa a kai. Ledar tana hana santsi, amma ƙarfin dira yana nan yadda yake. Daɓen rawa na gaskiya katako ne da ake ɗorawa a kan ƙananan matasan roba, yana ɗan lotsawa idan an dira, ya shanye wani kaso na bugun. Siminti duk abin da aka ba shi mayar wa ƙafa yake yi, ga shi dira daga babban tsalle tana kai ninkin nauyin jiki sau uku ko fiye.

Iyakar lissafin da malamar ta sani ke nan. Ba ta san cewa a makarantar boko yarinyar tana cikin masu gudu, kwana biyu a mako ba. Ba ta kuma san cewa kusan kullum da dare tana maimaita tsallenta a gida, a kan tayil, ba takalmi, ta jingina waya da bango tana ɗaukar kanta don ta ga inda take kuskure ba. Da muka zauna muka tara komai a takarda, ya haura awa 20 a mako.

Likitocin wasannin yara a Amurka suna da wani ma'auni mai sauƙin riƙewa: awannin horo a mako kada su wuce yawan shekarun yaro. Ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar kuma tana cewa a bar wa yaro kwana ɗaya ko biyu a mako ba horo. Ma'aunin ba ya kama kowa daidai, akwai ɗalibai a manyan makarantun bale da ke wuce shi lafiya lau, sai dai su a hankali suka hau, cikin shekaru. A nawa ganin, awa 20 ɗin ba su kai saurin hawan illa ba.

Ciwon da ake nunawa da yatsa ɗaya

A mako na huɗu da canjin jadawali ciwon ya fara. Da farko sai an tashi daga atisaye take jin sa, kafin gari ya waye ya tafi. Bayan 'yan kwanaki ya fara zuwa ana tsakiyar tsalle. Daga nan ya koma tun ɗaga diddigen farko, sannan a hanyar makaranta, daga ƙarshe har tana kwance da dare yana yi mata zugi. Haka ciwon ƙashi yake tafiya. Na tsoka da na jijiya sau da yawa yakan lafa idan jiki ya ɗumama, shi kuwa na ƙashi ƙaruwa yake yi muddin ana takawa, kuma kullum yana zuwa da wuri fiye da jiya.

Ta faɗa wa malamarta tun a makon farko na ciwon.

"Malama, ƙafata tana ɗan yi min ciwo idan na dira."

"Jijiya ce ta ɗaure. Ki miƙar da ita sosai, in kin koma gida ki sa ƙanƙara."

Ban ga laifin malamar a wannan amsa ta ranar farko ba. Mai koyar da rawa yana jin irin wannan ƙorafi kullum, kuma akasarinsa yana wucewa da kansa. Inda abin ya kwaɓe shi ne ba a sake tambaya ba, ita kuma yarinyar ba ta sake faɗa ba, don ta san akwai wadda ke koyon matsayinta a gefe ko da ta kwana. Sai ta koma shan maganin kashe zafi irin su ibufurofen kafin atisaye. Maganin ya rufe bakin ciwon, ta ci gaba da dira a kan ƙashin da ke tsagewa.

Da ɗingishi ya fito fili, kwana goma sha wani abu da fara ciwon, mahaifiyarta ta kai ta wani asibiti aka ɗauki hoton ƙashi. Hoton ya fito tas. Aka ce targaɗe ne, ta huta kwana uku. Ta huta, ta koma, ta ƙara kusan mako uku tana tsalle, yanzu kuma da hujja a hannu: ai likita ya duba, ba karaya.

Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya ganin irin wannan tsaga a mako biyu zuwa uku na farko, wani lokaci ma har fiye. Tsagar siririya ce, abin da hoton kan kama daga baya shi ne sabon ƙashin da jiki ya fara tarawa a wurin. MRI kuwa tana ganin kumburin ɓargo tun a kwanakin farko. Inda babu MRI, hanyar ita ce a ɗauki ciwon a matsayin tsagewar ƙashi, a dakatar da tsalle da gudu, a sake hoto bayan mako biyu ko uku.

Ranar da ta zo wurinmu na ce mata, "'Yata, nuna min inda yake miki ciwo." Masu ciwon tsoka da tafin hannu suke shafawa, su ce nan ne duk. Ita kan yatsa ɗaya ta ɗora a tsakiyar saman ƙafa, daidai layin yatsa na biyu, inda ƙafar ta fara tudu. Na danna wurin a hankali, ta fizge ƙafar. Na matsa gefe da faɗin yatsa biyu na danna da ƙarfi, ba ta ji komai ba. Akwai ɗan kumburi, ba ƙurji, ba canjin launi. Ban sa ta gwada tsalle da ƙafa ɗaya ba, tunda tafiya kawai ma tana yi mata ciwo. Daga nan muka mayar da ita wurin likitan ƙashi, shi ya nemi MRI.

Me ya sa ƙashi na biyu

Ƙafar mutum, daga idon sawu zuwa yatsu, ƙasusuwa 26 ne. Biyar daga ciki dogaye ne, kowanne ya taso daga tsakiyar ƙafa ya nufi yatsa guda. Na farko, na babban yatsa, gajere ne mai kauri. Na huɗu da na biyar suna da ɗan wasa a mahaɗarsu, suna gocewa kaɗan idan nauyi ya zo. Na biyu shi ne mafi tsawo, siriri, gindinsa kuma ya shige can cikin wani gurbi tsakanin ƙananan ƙasusuwan tsakiyar ƙafa, sun matse shi dama da hagu. Wannan layin mahaɗa ana kiran sa da sunan Lisfranc, wani likitan tiyata na Faransa da ya yi aiki a rundunar Napoleon. Matsewar ce ke ba tudun ƙafa ƙarfi, amma ƙashin da ba ya iya gocewa dole ya lanƙwasa, kuma a gindi lanƙwasar ke taruwa. Idan 'yar rawa ta ɗaga diddige ta tsaya a kan yatsu, nauyin jikinta kusan duka ta na farko da na biyu yake sauka.

Abu biyu na gani a jikinta da suka ƙara wa ƙashin kaya. Na farko, juya ƙafa waje. Bale tana son yatsu su kalli gefe, kuma mafi yawan wannan juyi daga mahaɗar cinya da ƙugu ya kamata ya fito, inda ƙananan tsokoki shida ke aikin a can ciki. Nata ƙugun bai kai inda take so ba, sai take dafe ƙafa a ƙasa ta murɗa daga gwiwa zuwa ƙasa don ta cike gibin. Sakamakon haka tafin ƙafar ya kife ciki, tudun ya kwanta, nauyi ya karkata ga gefen babban yatsa da na biyu. Wanda ya tsaya a bayanta ya kalli agararta zai ga ta lanƙwashe.

Na biyu, ƙarfin sha-raɓa. Tsoka ce ke fara tarbar bugun dira, kuma tsokokin da ke lanƙwasa yatsu suna jan dogayen ƙasusuwan nan ta ƙasa, suna rage musu lanƙwasa. Idan tsoka ta gaji, ƙashi ke ɗaukar ragowar. Na sa ta ɗaga diddige da ƙafar dama mai lafiya, a hankali, gwiwa a miƙe, har sama. A na 11 diddigen ya daina kaiwa sama, idon sawu ya fara rawa. Kamfanin bale na ƙasar Ostireliya, ƙarƙashin babbar likitar fisiyonsu Sue Mayes, ya lura cewa 'yan rawar da ba sa kai 25 a wannan gwaji sun fi fama da ciwon idon sawu, sai suka sa ɗaga diddige da ƙafa ɗaya cikin ajin kullum. Yarinyar nan tana iya kai ƙafarta kusa da kunne, kowa na yaba mata, amma ko rabin 25 ba ta kai ba. Makarantun rawa da yawa haka suke, awa guda a kan miƙa jiki, ƙarfafa shi kuwa sai in lokaci ya ragu.

Sauran bayanin yana cikin yadda ƙashi ke gyara kansa. Ƙashi rayayye ne, yana ƙara ƙarfi gwargwadon nauyin da ake ɗora masa. Julius Wolff, likita Bajamushe, shi ya tsara wannan ƙa'ida a 1892. Kowace dira tana barin 'yan tsage-tsagen da ido ba ya gani, jiki kuma yana bin su yana gyarawa. Gyaran irin na magini ne da ya samu bango ya tsage: sai ya fara farfasa wurin ya kwashe ɓaraguzai, sannan ya cike. Kwashewar tana ɗaukar kamar mako uku, cikewar wata uku ko fiye. A tsakanin nan ƙashin ya fi rauni a kan yadda yake kafin a fara. Shi ya sa mai ƙara horo farat ɗaya yakan ji garau a makonnin farko, sai daga baya ciwo ya ɓullo, lokacin da ramukan suka yi yawa ba a kai ga cike su ba. Nata ya zo a mako na huɗu.

Sojoji aka fara gane wa wannan rauni. A 1855 wani likitan soja na Furushiya, tsohuwar daular Jamusawa, mai suna Breithaupt ya bayyana kumburin ƙafa da ciwo a sojojin da suka sha doguwar tafiya, tun kafin a ƙirƙiro hoton ƙashi. Rawa ma ta daɗe a tarihin karayar ƙafa: likitan ƙashi Robert Jones na Birtaniya ya karya gindin ƙashi na biyar na ƙafarsa yana rawa, ya rubuta bayaninta a 1902, har yau da sunansa ake kiran wannan karaya.

Wata biyar

Da jadawali da daɓe da sha-raɓa kaɗai an samu bayani mai gamsarwa, kuma nan mutane da yawa ke tsayawa. Sai dai yara sama da 20 ne suka yi atisaye a wannan zaure, wasu ma tsallensu ya kusa nata. Dole a tambayi abin da ya sa nata ƙashin ne ya kasa.

Na nemi izinin mahaifiyarta, na juya ga yarinyar.

"Yaushe rabonki da al'ada?"

Ta sunkuyar da kai tana wasa da igiyar jakarta. "Wata biyar, Likita."

Uwar ta ce, "Ai na ɗauka ƙuruciya ce. Bara ta fara, ba ta daidaita ba tukuna."

Uwar tana da gaskiya rabi. A shekara biyun farko al'ada takan zo da tsallake. Amma ko a wannan lokaci, tazarar da ta haura kwana 90 abin zuwa wurin likita ce. Ga shi kuma kafin ta ɗauke, tata tana zuwa kusan kowane wata.

Maganar abinci a hankali ta fito. Ba ta karyawa da safe, wai sauri. Ba ta cin na rana a ranakun atisaye, wai yana yi mata nauyi. Na dare tana ci, amma uwar ta lura ta rage. Da na tambayi yaushe abin ya fara, ta ce tun ranar da aka auna su don ɗinka kayan wasa, watanni kafin atisaye ya tsananta. Mai awon ta naɗe tef ɗinta tana dariya ta ce, "To, an auna fa, kar wadda ta ƙara ƙiba." Wasa take yi. Sauran yaran sun manta kafin su fita ƙofa, ita kuwa ta riƙe. Ta rage ci, sannan aiki ya ninka sau uku a kan ragaggen cin.

Idan abin da ke shiga ciki bai ishi aikin da ake yi ba, jiki yana rage kashewa a wuraren da zai iya jinkirtawa, haihuwa da ginin ƙashi kuma suna sahun gaba. Ƙwaƙwalwa tana rage saƙon da take aika wa ƙwan mace, sinadarin istirojin ya sauka, al'ada ta ɗauke. Istirojin ɗin nan shi ke taka wa ƙwayoyin da ke kwashe tsohon ƙashi birki. In ya yi ƙasa, kwashewa ta ƙaru, cikewa kuma ta ragu saboda babu kayan aiki. Bincike a kan mata ya nuna cewa rikicewar tana bayyana idan kuzarin da ya rage wa jiki bayan an cire na motsa jiki ya gaza kalori 30 a kan kowane kilo na nauyin da ba kitse ba a rana, alhali wajen 45 ake so. A 1992 Kwalejin Likitancin Wasanni ta Amurka ta haɗa abubuwa ukun nan, matsalar ci da ɗaukewar al'ada da raunin ƙashi, ta ba su suna guda. A 2014 Kwamitin Olamfik na Duniya ya faɗaɗa batun da sunan RED-S, wato ƙarancin kuzari a wasanni, ya shigar da maza, domin su ma ƙashinsu yana shan irin wannan wahala, sai dai ba su da alamar wata-wata da za ta tona.

A 1992 ɗin dai, wata mai bincike mai suna Kadel da abokan aikinta sun bi mata 54 'yan bale a kamfanoni biyu, suka samu 17 daga cikinsu sun taɓa tsagewar ƙashi, kashi 63 cikin 100 na tsagewar kuma a dogayen ƙasusuwan ƙafa ne. Abu biyu suka fito a matsayin haɗari: rawa fiye da awa 5 a rana, da ɗaukewar al'ada fiye da wata 6.

Shekarunta ne suka fi damuna. Kusan rubu'in ma'adinin ƙashin da mutum zai rayu da shi a cikin shekara biyu na ganiyar girma ake tara shi, ga 'ya mace kuma wannan lokaci yana kewayen fara al'ada. Kafin ta kai 18 an tara kusan kashi 90 cikin 100. Tsagar ƙafa za ta warke cikin watanni, amma abin da aka kasa tarawa a wannan tsakani da wuya a mayar da shi duka daga baya.

Jinya da komawa

Tsaga a tsakiyar ƙashi na biyu takan warke cikin mako 6 zuwa 8 ba rigima. Ta gindi ta fi taurin kai, takan yi jinkirin haɗewa, don haka likitan ƙashi ya tsananta: takalmin asibiti mai tauri na mako 6, huɗun farko da sanduna ba ta taka ƙafar. Ya hana ibufurofen. Ya sa aka auna bitamin D, aka samu ya yi ƙasa, abin da ba baƙo ba ne ga masu yini a cikin ɗaki, aka ba ta ƙari. Likitar yara ta duba ko akwai wata cuta da ta ɗauke al'adar, ta kuma tantance ko matsalar cin ta kai ciwon da ke buƙatar likitan ƙwaƙwalwa. Ba ta kai ba. Masaniyar abinci ta tsara mata ci uku a rana da ƙari kafin motsa jiki da bayansa, da kalsiyam miligiram 1,300 a rana, adadin da ake so ga 'yan shekara 9 zuwa 18. Uwar ta tambaya ko a ba ta ƙwayar da ke dawo da al'ada. Likitar ta ƙi: ƙwayar tana kawo jini kowane wata, amma ba ta gyara ƙashi, tana kuma ɓoye alamar da ake dubawa don a san ko cin ya isa. Wasan ƙarshen shekara kuwa a kujerar 'yan kallo ta gan shi, kuma wannan ya fi ƙafar yi mata ciwo.

A namu ɓangaren, makonnin farko a kwance da zaune aka yi su: tsokokin ƙugu masu juya cinya, tsokokin ciki da baya, da ƙafar dama. Da gangan na taƙaita. Al'adar 'yan rawa ce idan ƙafa ta hana su, su koma keke ko ninƙaya awa-awa don kada jiki ya mutu, ga wadda kuzari bai ishe ta ba kuwa wannan ƙara zurfafa ramin ne.

Da aka cire takalmin, danna wurin ya daina ciwo, sai tafiya, har ta kai minti 30 ba ɗingishi. Sannan aji a jikin sandar riƙo, wadda 'yan bale ke dafawa a farkon aji, tafin ƙafa a ƙasa, da juyin da ƙugunta ya ba ta kawai. Ta ga yatsunta sun dawo ciki, ranta bai so ba. Sai ɗaga diddige da ƙafa biyu, sannan da ɗaya. Tsalle a mako na 14 ya fara, ƙanana, daga ƙafa biyu zuwa biyu, guda 20 a ƙirge, kwana ɗaya a yi, kwana ɗaya a huta. Daga baya biyu zuwa ɗaya, sannan ɗaya zuwa ɗaya. Takalmin tsini shi ne na ƙarshe, a wata na biyar. Sharaɗin hawa kowane mataki guda ne: ba ciwo a wurin lokacin yi, ba ciwo bayan an gama, ba ciwo washegari da safe. Sau ɗaya ta farka da ɗan zugi bayan an ƙara yawan tsalle, muka huta kwana biyu muka koma matakin baya.

Malamar da kanta ta zo, ba a kira ta ba. Kalmarta ta farko ita ce, "Likita, daɓen nan ne ya cuce mu." Daɓe yana da daɗin ɗora wa laifi, tunda ba ya jin haushi. Na nuna mata takardar awanni, yarinyar kuma ta yarda a faɗa mata sauran. Ta yi shiru, can ta ce ita ma tana wurin ranar awon, har da ita aka yi dariyar.

Abubuwan da ta canja ba su ci kuɗi ba. A farkon kowane zango ɗalibi yana rubuta duk motsa jikin da yake yi a mako, na makarantar boko da na gida. Idan an koma daɓen siminti, ana bin tsarin rawa da tafiya da hannu, cikakken tsalle sau ɗaya ko biyu kawai. An sa ɗaga diddige da ƙafa ɗaya a ƙarshen aikin sandar riƙo. Kayan wasa ana auna su kusa da ranar, a bar wurin saki a ɗinki, kuma ba mai yin magana a kan jikin kowa. Duk yaron da ya nuna ciwo da yatsa ɗaya a kan ƙashi, ko ciwonsa ke ƙaruwa ana cikin aji, ya daina tsalle ranar, sai likita ya gan shi. Ta kuma faɗa wa ɗalibai a fili cewa wanda ya kawo ƙarar ciwo da wuri ba zai rasa matsayinsa saboda haka ba.

Abu biyu muka ja a kansu. Ta ce tambayar al'ada ba hurumin malamar rawa ba ne, kuma na ga hujjarta. Muka tsaya a kan takarda da za a riƙa ba iyaye, mai cewa wata uku ba al'ada, ko cika shekara 15 ba a fara ba, dalili ne na ganin likita. Na biyu, na so a rage atisayen wasa zuwa kwana 5, ta ce ranar wasa ba ta matsawa, yara kuma ba sa haddace rawa da ƙasa da haka. Abin da ta yarda da shi shi ne a fara mako huɗu da wuri, awanni su hau kaɗan-kaɗan. Har yanzu ina ganin kwana 6 ya yi wa 'yan shekara 13 da 14 yawa.

Al'adar yarinyar ta dawo a wata na huɗu da gyara cin abinci. A awon ƙarshe ta ɗaga diddige sau 26 da dama, 22 da hagu. Ta koma cikakken aji, awa 8 a mako, ta bar gudu na wannan zango, kuma ba ta yin manyan tsalle kwana biyu a jere har sai ƙafar hagu ta kamo ta dama, likitan ƙashi ya sake ganin ta.